Abin da Sarakunan Farisa Suka Rubuta a kan Zinariyarsu

'Yan'uwa Musulmi, duk wanda ya dubi tsofaffin dinaren ƙasar Farisa da idon basira zai samu wa'azi a jikinsu. Sarakunan da Larabawa ke kira Kisra sukan buga hoton sarki da kambinsa a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar kuma wurin bautar wuta. A cikinsu akwai wanda ya yaga wasiƙar Manzon Allah (SAW), kuma a shekarar 628 ɗansa na cikinsa ya sa aka kashe shi. Ya tabbata a hadisi cewa idan Kisra ya halaka babu wani Kisra a bayansa, kuma za a ciyar da taskokinsa a tafarkin Allah. Haka kuwa aka yi a zamanin Sayyidina Umar.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Nadir Shah, wanda ya hau gadon sarauta a 1736, ya ci birnin Delhi a 1739, ya kwaso dukiyar da ba ta misaltuwa. A kan kuɗinsa an rubuta baitin Farisanci da ke kiransa sarkin sarakunan duniya, tare da addu'ar Larabci mai cewa Allah ya dawwamar da mulkinsa. A 1747 dakarunsa suka shiga tantinsa da dare suka kashe shi, daular ta fara wargajewa tun gawarsa ba ta huce ba. Karim Khan, wanda ya mulki yawancin ƙasar daga baya, ya ƙi laƙabin sarki, ya zaɓi a kira shi wakili, a kuɗinsa kuma aka buga "Ya Karim", wato kiran Allah da ɗaya daga sunayensa kyawawa.

Ba sarakuna kaɗai wannan ya shafa ba. Allah ya faɗa a Suratut Tauba, aya ta 34 da 35, cewa masu taskance zinariya da azurfa ba su ciyar da su don Allah, za a zafafa su a wutar Jahannama a yi wa goshinsu da haƙarƙarinsu da bayansu lalas da su. Saboda haka wanda ya ajiye zinariya da ta kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85, kuma shekara ta zagayo a kanta, to ya auna ta, ya fitar da kashi ɗaya cikin 40, ya miƙa wa waɗanda Allah ya ambata su ne masu haƙƙi.