Katin inshorar lafiya ba shi ne diyyar rauni a wurin aiki ba

Na gaji da jin abokan aiki a nan Katsina suna cewa tunda ana cire musu kuɗin inshorar lafiya daga albashi, duk raunin da suka ji a bakin aiki katin zai ɗauke. Ban ga laifinsu ba, domin asibiti ɗaya ake zuwa.

Amma doka ta raba su. Inshorar lafiya, ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) ko ta jiha, kuɗin ganin likita da magani take biya. Rauni a bakin aiki kuwa yana ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF, asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, ke kula da ita. Wanda ya ɗauke ka aiki shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a taɓa naka.

A ce mai gyaran wuta na wata ma'aikata a Daura ya faɗo daga tsani, ƙugu ya karye. Kati ba zai biya shi diyyar nakasa ba, ba zai ba iyalinsa komai ba idan rai ya yi halinsa. Waccan dokar ce ta tanadi wannan, har da haɗarin hanya tsakanin gida da ofis.

Abin da ke damuna shi ne wa'adi. Ma'aikacin da ya ji rauni zai sanar da ma'aikatarsa cikin kwana 14, ita kuma ta sanar da NSITF cikin kwana 7. Tun kana lafiya, tambayi ofishin mulki ko an yi muku rajista da NSITF kuma ana biya.