Hannun da ɗauri ya kashe, asibiti ake ɗora wa laifi

Lokacin mangwaro ya zagayo a Garwa, kuma duk mai ɗa namiji a gida ya san abin da ke biyo baya: yaro ya hau bishiya, reshe ya ɓalle, ya faɗo ya dafa ƙasa da hannu. Kwanan baya abin ya faɗa kan ɗan maƙwabcina mai shekara 8. Gwiwar hannu ta kumbura nan take. Kafin uban ya dawo daga kasuwa majalisar ƙofar gida ta gama yanke hukunci, da maganar nan da na gaji da ji: "Kada a kai shi asibiti, can yankewa suke yi." Aka wuce da shi wurin maɗori.

Kwana biyu yaron bai runtsa ba. Da na leƙa na taɓa yatsunsa na ji sanyi ƙalau, na ce wa uban, "Alhaji, don Allah a kwance ɗaurin nan." Ya ce maɗori ya faɗa masu ƙashi ne ke kamawa, a yi haƙuri. Sai a rana ta uku aka tafi asibiti. Hannun ya tsira daga wuƙa, amma yatsun sun lanƙwashe. Yanzu kuma majalisar nan ce dai ke cewa likitoci ne suka lalata shi. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari mu faɗi abin da ke faruwa a ƙarƙashin karan nan da tsumma. Idan ƙashi ya karye, naman da ke kewaye da shi yana ci gaba da kumbura a kwanakin farko. Wanda ya ɗaure tamau ranar farko ya hana kumburin wurin zuwa, sai ya koma ciki ya matse hanyoyin jini. Tsokar da jini ya daina kai mata tana fara mutuwa cikin kimanin awa 6, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Karayar saman gwiwar hannu, wadda yara suka fi yi in sun faɗo daga sama, ta fi haɗari, don babbar jijiyar jinin hannu ta gaban wurin take wucewa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1881 wani likitan tiyata Bajamushe, Richard von Volkmann, ya bayyana irin wannan lanƙwashewar yatsu, ya kuma ɗora laifin a kan ɗauri mai tsanani. Turawa ma sun yi wannan kuskure, sun gane, sun gyara. Mu kuwa har yau muna kiransa "zafin ɗori".

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: ciwon da ya ƙi jin magani, wanda ke ƙaruwa in an miƙar da yatsu, yatsu su yi sanyi ko su canza launi, mutum ya daina jin taɓi, fata ta yi ƙuraje masu ruwa. Uwa ma tana ganinsu. Ba a tambayarta ne kawai.

To daga ina sunan "asibiti mai yanke ƙafa" ya fito? Lissafin mai sauƙi ne. Ƙashi da kansa yake haɗewa, balle na yaro, muddin an hana shi motsi. Saboda haka karaya mai sauƙi za ta warke a hannun maɗori, ya sha godiya da tukwici. Wadda ta ɓaci, bayan mako guda ta yi baƙi tana wari, ita ake ɗauka a kai wa likita. Wanda ya warke na maɗori ne, wanda ya ruɓe na asibiti. Da irin wannan rabo ko ni aka ba tsumma da man shanu zan yi suna.

Na masu babur ya fi muni. Ƙashi ya huda fata a kan titi, ƙasa ta shiga ciwo, abin da ake buƙata cikin gaggawa wankewa ne a ɗakin tiyata da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus. Amma a wurin maɗori sai a barbaɗa garin magani a rufe.

Akwai 'yan boko masu cewa a haramta ɗori gaba ɗaya; su fara gaya mana inda mutumin ƙauye zai samu hoton ƙashi da tsakar dare, sannan mu saurare su.

Asibiti ma ba wankakke ba ne. Mutum na kwance da karaya, a miƙa wa ɗan'uwansa takardar sayen magani kafin a taɓa shi, yayin da maɗori ke karɓar abin da ya samu, har bashi. Shirin inshorar lafiya na kowa da kowa da ministan lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, ya ƙaddamar a 2023 ya fi karkata ga mata masu ciki, ƙananan yara da wankin ƙoda. Mai karaya aljihunsa ne gatansa. A fara yi masa aikin gaggawa, a yi maganar kuɗi daga baya. Maɗoran kuma a tara su a koya masu alamomin nan, kuma wanda ya riƙe yaro bayan yatsunsa sun yi sanyi a tuhume shi, ko jikan sarkin ɗori ne.

Jiya na ga yaron a ƙofar gida yana koyon riƙe fensir da hagu.