A Saurare Shi Kafin a Ce Ya Koma

A watan Janairun 2019 Boko Haram ta afka wa garin Rann a jihar Borno. Jama'a suka tsallaka Kamaru da ƙafa, mata da goyo, tsofaffi na dogara sanda, babu wanda ya tsaya neman katin shaida. Cikin 'yan kwanaki hukumomin Kamaru suka tisa ƙeyar dubbai zuwa inda suka fito. Kafin watan ya ƙare aka sake kai wa Rann hari, aka kashe mutane da dama.

Irin wannan ne dokar neman mafaka ta zo hanawa. Sashe na 33 na yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ya haramta mayar da mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. A 1969 ƙasashen Afirka suka zauna a Addis Ababa suka faɗaɗa ma'anar: ba sai an yi farautarka kai kaɗai saboda addini ko ƙabila ko ra'ayin siyasa ba, wanda yaƙi ko tarzoma ta koro shi ma ya cancanta. Kamaru da Najeriya da Nijar duk sun amince.

Na san hujjar hukumomi, kuma ban raina ta ba. Suna cewa 'yan ta'adda kan saje da masu gudu, an kuma sha tayar da bam a kasuwannin arewacin Kamaru. Gaskiya ne. Amma maganin wannan tantancewa ne. A zaunar da mutum, a samo masa tafinta idan Kanuri ko Larabcin Shuwa kaɗai yake ji, a rubuta sunansa da garinsu, a ji abin da ya koro shi. Loda mutane a mota baki ɗaya hukunci ne ba tare da shari'a ba.

Mu da muka tashi da labarin hijirar Habasha bai kamata a koya mana wannan ba. Ƙuraishawa sun aika Amru bin As da kyaututtuka don a miƙa musu Musulmin da suka gudo. Fadawa suka goyi baya. Najjashi ya ƙi yanke hukunci sai da ya kira Ja'afar bin Abi Ɗalib ya ji ta bakinsa, sannan ya mayar wa jakadun kayansu.

Talaka ya fi gwamnati gane wannan. A shekarar ta 2019, da 'yan bindiga suka kori mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, ƙauyukan kan iyaka ne suka fara buɗe musu zaure, aka raba geron da ke rumbu kafin motocin agaji su iso. Abin da nake nema daga hukumomi bai kai wannan nauyi ba: teburin rajista a bakin iyaka, tafinta, da umarni a rubuce ga sojan da ke shinge cewa ba shi da hurumin mayar da kowa.