Lauyan da bai iya sulhu ba, karatunsa da saura

Na taɓa raka wani abokina kotu kan rikicinsa da abokin kasuwancinsa. Shekara uku ana ɗage shari'ar. Ranar da suka zauna gaban mai shiga tsakani, sai mai shiga tsakanin ya ja abokina gefe ya tambaye shi: "Malam, me kake so a yi maka?" Abokina ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce kuɗin bai dame shi ba, kalmar ɓarawo da aka jefe shi da ita gaban ma'aikatansu ce ke hana shi barci. A shekara ukun nan lauyansa bai taɓa yi masa wannan tambayar ba.

Ban ga laifin lauyan ba, abin da aka koya masa ya yi: yadda ake ƙure mai shaida da yadda ake zaƙulo kuskure a takardar abokin hamayya. Saurare kuwa, da rarrabe abin da mutum ke iƙirari daga abin da ke ci masa rai, wa ya koya masa? Fanni ne da ya kamata a yi masa darasi da gwaji da jarrabawa, kamar dokar shaida.

Tun 1976 Farfesa Frank Sander na Jami'ar Harvard ya kawo shawarar kotu mai ƙofofi da yawa, a dubi kowace ƙara a tura ta inda ya dace. Legas ta buɗe irin wannan a 2002. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ce alƙali na iya umartar masu husuma su fara gwada sasantawa. To wa zai raka su ɗakin sulhu, in lauyansu ya shiga da shirin dambe?

Na sani, ba kowace ƙara ake sasantawa ba. Inda aka ci zarafin mai rauni, hukunci ya fi masa, kuma gane hakan ma yana cikin horon.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗi. Muddin zaman kotu ne ke kawo wa lauya abinci, wanda ya kashe rigima cikin mako biyu ya cuci aljihunsa. Ya kamata ƙungiyoyin lauyoyi su tsara ladan sulhu a sarari, mai ƙara ya san abin da zai biya tun ranar farko.