Shirun Hafsan Soja Ba Tsoro Ba Ne

A majalisar ataya ta unguwar Nima da ke Accra, duk ranar da gwamnati ta yi abin da ya ɓata wa jama'a rai, sai wani ya ce: "Ina manyan sojojinmu na Burma Camp? Tsoro ne ya rufe musu baki." Burma Camp ita ce hedikwatar sojan Ghana. Ba tsoro ba ne, ɗan'uwa, ƙa'idar aikin ke nan.

Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya sa shugaban ƙasa shi ne babban kwamandan askarawa, shi ko wanda ya wakilta kuma ke jagorantar majalisar rundunar soja. Hafsa yana da damar cewa "ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne", amma a cikin ɗaki. In ya ga ba zai iya ba, ya ajiye kaki. Fitowa rediyo yana sukar shugaba kuwa, kujerarsa zai rasa.

Ko a Amurka haka ne. Janar MacArthur, duk da sunan da ya yi a yaƙin duniya na biyu, Shugaba Truman ya sauke shi a 1951 saboda ya fito fili yana jayayya kan yaƙin Koriya. A 2010 Obama ya karɓi murabus ɗin Janar McChrystal bayan wata mujalla ta buga yadda muƙarrabansa ke yi wa 'yan gwamnati ba'a.

Ni dai ina ganin in hafsa ya fito fili yana suka, hasarar ƙasa ta fi ta hafsan. Maganar mai bindiga ba ɗaya take da ta direban trotro (motar haya) ba. Dattawan Zango da suka ga juyin mulkin soja na 1966, 1972, 1979 da 1981 ba sai an ba su labari ba.