Wa ya taɓa ce wa yaron shago ya saki jakar?

Ɗan ƙanwata yana da tabo a tafin hannunsa na dama, ya taso daga gindin babban yatsa ya kusa kai wuyan hannu. A rumfar POS ya samo shi, kusa da wata tasha a nan cikin Katsina. Ana idar da sallar magariba yana haɗa kaya, sai wasu matasa biyu suka tsaya a kan babur, na bayan ya diro da wuƙa ya cafki jakar da ke rataye a wuyansa. Yaron ya riƙe. Suka yi ta ja-in-ja har mai shayin da ke gefe ya ɗaga benci ya yi kansu, suka arce. Jaka ta tsira, hannu kuwa sai da aka yi masa ɗinki.

Da na je duba shi na ce, "Kai, wace irin wauta ce wannan? Me ya hana ka saki?" Ya dube ni kamar ni ne ban san duniya ba. Ya ce, "Kawu, in na saki, cikin albashina Alhaji zai cire. Shekara nawa zan yi ina biya?"

Wannan amsar ce ta sa na daina ganin abin a matsayin tsautsayi. Yaron bai yi wauta ba, lissafi ya yi, kuma a bisa ƙa'idar da aka ɗora shi a kai lissafin nasa daidai ne. A cikin daƙiƙa biyu ya auna kaifin wuƙa da nauyin bashi, ya ga wuƙar ta fi sauƙi.

Mu nan mun ƙware a shirin ɓarawon dare. Zaga babbar kasuwa ko 'Yar Kutungu bayan an tashi: ƙofar ƙarfe, kwaɗo biyu ko uku, maigadi da tocilarsa da gorarsa, wani ma har da laya a saman ƙofa. Tun gobarar da ta ci babbar kasuwa a watan Maris na 2021 mutane suka ƙara hankali da wayar lantarki da janareta. Duk wannan tanadin kaya ne. Amma mutumin da ke zaune da kayan tun hantsi har dare, wanda shi mai fushi ke zagi, shi mai maye ke shaƙe wa wuya, shi ɗan ƙwace ke nuna wa makami, ba a taɓa zaunar da shi an ce masa ga abin da za ka yi ran da ta ɓaci ba. Abin da ake gaya masa ranar da aka ɗauke shi aiki bai wuce guda ɗaya ba: in kuɗi ya yi giɓi, kai za ka cika.

Masu nazarin lafiyar ma'aikata a Amurka sun kasa tashin hankalin wurin aiki gida huɗu, gwargwadon wanda ya kawo shi. Akwai baƙon da ya zo da niyyar laifi, kamar 'yan fashi da kauraye. Akwai abokin ciniki da ransa ya ɓaci. Akwai na cikin gida, wato ma'aikaci da ma'aikaci ko maigida da yaronsa. Sai kuma rigimar da ta biyo mutum daga gida, irin tsohon mijin da zai zo shagon ɗinki ya ci mutuncin matar da ya saka. Jihar Kalifoniya har ta wajabta wa mafi yawan masu ɗaukar ma'aikata, daga 1 ga Yulin 2024, su rubuta tsarin kare ma'aikatansu, su horar da su, su kuma riƙa ajiye bayanin duk abin da ya faru. Ban ce mai kanti a Ƙofar Ƙaura ya buga kundi irin nasu ba. Abin ɗauka a wajensu shi ne yanke shawara tun hankali na kwance, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma ba mu rasa takarda ba. A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, Najeriya kuma ta rattaba amincewarta a watan Nuwamban 2022. Yarjejeniyar ba ta tsaya kan masu ofis da kwat ba, ta haɗa da masu ƙananan sana'o'i da masu koyon aiki, har ma da abin da ya sami mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida. Sai dai tsakanin Janeba, inda hedkwatar ƙungiyar take, da rumfar kwano a bakin tasha akwai tafiya mai nisa, kuma ba gwamnati ce za ta fara yin ta ba. Maigida ne.

Abu na farko da ya kamata ya fito daga bakinsa, a gaban shaidu, shi ne: in aka zo da makami, ba da kuɗin, kada ka bi su, kuma ba zan cire maka ko kwabo ba. Muddin bai faɗi wannan ba, duk kyamarar da zai kafa ba za ta hana yaronsa kokawa da wuƙa ba, sai dai ta ɗauki hoton kokawar.

Ba alfarma ba ce ma. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana maigida cin ma'aikaci tara ta hanyar zaftare albashi. Inda ya yarda a cire wani abu saboda asara, sai asarar ta kasance ma'aikacin ne ya jawo ta da gangan ko da sakaci, sannan sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce. Wanda kuma dokar boko ba ta dame shi ba, ya tambayi malamin unguwarsu hukuncin wanda aka damƙa wa amana ta salwanta ba da sakacinsa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da gama wannan magana: amintacce ba ya lamuni sai ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Yaron da aka ɗora wa wuƙa a wuya bai yi ko ɗaya ba.

Na san amsar 'yan kasuwa, don na ji ta ba sau ɗaya ba. Za su ce in ka yi wannan alkawari ka buɗe wa yaran banza ƙofa, gobe sai yaro ya haɗa baki da abokansa su shirya fashin ƙarya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ana yi, kuma wanda aka taɓa yi wa ba zai manta ba. Amma maganin wannan yana wajen rage abin da za a iya ɗauka. A sa iyaka ga kuɗin da zai zauna a durowa, da ya haura a kwashe. A daina kai kuɗi banki a lokaci guda ta hanya guda kullum, har 'yan acaba su haddace. A rubuta ciniki, a duba shi kowace rana. A ɗauki yaro ta hannun wanda zai tsaya masa. In fashi ya faru kuma akwai alamar hannun yaron a ciki, ga 'yan sanda ga kotu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar yara goma na kirki suna tare makami da hannu saboda tsoron maƙaryaci ɗaya.

Fashi dai jefi-jefi ne. Abin da ke faruwa kusan kullum shi ne fushin abokin ciniki, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar POS ya san yadda yake farawa. An saka kati, na'ura ta yi ta juyi, ta ce bai yi ba. Kafin mutum ya zare katin, wayarsa ta yi ƙara, an cire kuɗi. Mai kati ya ce ba ni kuɗina, ga alat. Yaro ya ce bai shigo mani ba, zai dawo maka. Mutumin nan wataƙila kuɗin maganin ɗiyarsa ke nan, ba shi da wasu. Murya ta ɗaga, 'yan kallo su taru, kowa da fatawarsa, sai ka ji an ambaci uwar wani. Mun ga iyakar wannan a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta zama kamar zinare, mun kuma gani a layin gidan mai duk sanda aka ce mai ya ƙare alhali mutum ya wuni a rana. Mai zuba mai ba shi ya sa farashi ba, ba shi ya rufe famfo ba, amma kwalarsa ce a kusa.

Wannan kam ana iya koyar da shi, kuma ba ya cin ko sisi. Yaro ya san cewa ba a gardama da mai fushi a tsaye ƙirji da ƙirji. Ya bar kanta ko tebur a tsakaninsu, ya sassauta murya, ya ba mutumin risit ɗin da ya nuna cinikin bai yi ba, ya rubuta lambar wayarsa a gabansa, sannan ya kira maigida ya miƙa masa wayar. Sau da yawa abin da mai fushi ke nema ke nan, ya ji wani babba ya ɗauki maganarsa. Amma fa sai maigidan yana ɗaga waya. Akwai iyayen gidan da in yaro ya kira su a kan rigima sai su ce shi ya sa na ajiye ka, su kashe. Sannan a ja wa yara kunne kan kalmar "ɓarawo". A cikin kasuwa, wannan kalma ta fi fetur saurin kamawa, kuma in ta fita ba mai iya mayar da ita. Saɓani kan canjin naira ɗari biyar bai kai a tara wa mutum jama'a ba.

Masu ɗan hali sukan ɗauko maigadi daga kamfanin tsaro su ce sun gama. Yana da kyau su sani cewa dokar 1986 da ta tsara waɗannan kamfanoni ba ta ba masu gadinsu damar riƙe bindiga ba. Aikin maigadi ido ne da kunne da saurin sanarwa. In ana so ya yi amfani, a ba shi fitila mai haske, da waya mai kati, da sunan wanda zai kira.

Akwai kuma wanda ba a son a taɓo, wato dukan da ke fitowa daga hannun maigida kansa. Makanikin da ke jifan yaronsa da sifana, mai gidan burodin da ke kulle yaro a sito don an rasa kuɗi, manajan da ke tsare yarinya bayan an tashi da sunan lissafi. Muna kiran na farko horo, na biyu bincike, na ukun kuwa ba ma kiransa komai, yarinyar ce kawai za ta daina zuwa a ce ba ta da juriya. Yaron da ake mari a shago ba zai taɓa zuwa ya ce maka ya ga wasu suna zagaya rumfa kwana uku ba, don ya koyi cewa shiru ya fi masa lafiya. Ko don wannan kaɗai, duka asara ce ga mai dukiya.

In kuma abin ya riga ya faru, sa'ar farko ita ce komai, kuma a nan ne muka fi rikicewa. Ranar da aka yanki ɗan ƙanwata, mutum ya fi ashirin a kansa. Wani na cewa a zuba man birki, wani na neman toka, wani na ɗaukar bidiyo. Mai shayin nan ne ya sami tsumma mai tsabta ya danne wurin da ƙarfi, ya ɗaga hannun sama, ya tare Keke Napep. Abin da ake bukata ke nan, kuma ya kamata a ce kowane layi a kasuwa yana da mutum biyu ko uku da suka san shi, suka san cewa in wuƙa ta maƙale a jiki ba a zare ta, suka kuma san tun da wuri ko Babban Asibiti za a nufa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Tsoron da ke sa mutane ja da baya, wai sai an kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa mai rauni, doka ta kawar da shi: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai bukatar agajin gaggawa, wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ko da babu takardar. Lambar kiran gaggawa ta 112 kyauta ce, amma ni da zan ba da shawara, a liƙa lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa da ta shugaban 'yan sintirin layin a bango, inda ko baƙo zai gani.

Kuɗin magani fa? Kamfanoni masu rajista suna da hanya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, wato NSITF, shi kuma ya ɗauki nauyin wanda ya ji rauni a bakin aiki. Gidajen mai da manyan kantuna da makarantu masu zaman kansu ba su da hujjar ƙin shiga. Mai rumfa ɗaya kuwa sai ƙungiya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu sun iya tara kuɗi in za a yi wa shugaba walima ko za a tarbi ɗan siyasa. Su ware wani abu kowane mako don yaron da aka sara a bakin aiki.

Bayan an cire zaren ɗinkin na je na sami Alhajin da kaina. Mutumin kirki ne, shi ya biya asibiti, bai kuma cire kwanakin jinya ba. Da na kawo maganar sai ya ce, "Haba Malam, ni ban taɓa ce mashi ya yi faɗa da kowa ba." Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Ka taɓa ce mashi ya saki?" Ya daɗe yana jan carbi. Daga ƙarshe ya yarda a riƙa rufe rumfar kafin magariba, a kuma riƙa kwashe kuɗi sau biyu a rana. Batun alkawarin cewa ba zai cire daga albashi ba, ya ce wannan ba na mutum ɗaya ba ne, in ya yi shi kaɗai sauran masu rumfuna za su ce ya ɓata masu yara, sai ya kai maganar taron ƙungiya. An yi taron sau biyu tun daga lokacin, maganar ba ta samu shiga ba tukuna.