Ba a zamanin intanet aka fara tuna matan tarihi ba

Mutane da dama sun ɗauka tsofaffin wasannin kwaikwayo na rediyo a Amurka ba su wuce labarin soyayya da tallar sabulu ba, wai sai yanzu aka fara tono tarihin matan da aka manta da su. Sam ba haka ba ne.

Tun 1939 gidan rediyon NBC ya yi shirin wasan kwaikwayo kan gudunmawar mata wajen gina ƙasar. Amma wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Destination Freedom, wanda Richard Durham ya rubuta, tashar WMAQ ta Chicago ta riƙa sakawa duk Lahadi daga 1948 zuwa 1950. A nan jama'a suka ji labarin Harriet Tubman, baiwar da ta tsere, sannan ta riƙa komawa kudu a ɓoye tana fito da 'yan'uwanta. Suka kuma ji na Ida B. Wells, 'yar jaridar da ta fallasa kisan gillar da ake yi wa baƙaƙen fata ba shari'a. A lokacin kuwa, wariyar launin fata doka ce a jihohin kudu.